Lissafin kayan gini: alƙaluman da mai ƙiyasi ke buƙata kafin a sayi ko buhu ɗaya

Ƙiyasin gini kashi biyu ne, yawan kaya da farashinsu, kuma bai kamata a cakuɗa su a layi ɗaya ba. Farashi yana iya sauyawa daga wannan mako zuwa wancan, amma bulon da bango zai ci yana nan yadda yake, ko yau aka gina ko baɗi. Don haka ka fara fitar da yawan kaya tsaf, ka bar gurbin kuɗi sai ranar da za ka shiga kasuwa. Abu na biyu da za ka riƙe tun daga farko: tifa, baro da kwanon sarki ba su da girma guda, kowanne sai an sa masa tef an san abin da yake ɗauka.

Mayar da komai mita tun kafin ka ninka

A Bauchi da Gombe mai gida yana magana da ƙafa, birkila da inci, zanen gini kuma da milimita. Ka zaɓi mita, ka mayar da kowane tsawo zuwa gare ta, sannan ka fara ninkawa. Ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce, inci ɗaya milimita 25.4, mita ɗaya kuma ƙafa 3.281. Idan ka ga 3600 a zane, mita 3.6 ke nan. A harkar gini ana ɗaukar inci 4 a matsayin milimita 100, inci 6 a 150, inci 9 a 225.

Wuri biyu ake yawan zamewa. Ƙafa 12 da inci 6 ba 12.6 ba ce, 12.5 ce, domin inci 12 ne a ƙafa, wato mita 3.81. Na biyu, wanda ya riga ya fitar da faɗin wuri da ƙafa sai ya raba da 3.281, alhali sukwaya mita ɗaya sukwaya ƙafa 10.764 ce, kubik mita ɗaya kuma kubik ƙafa 35.3. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 mita 15.24 ne da 30.48, sukwaya mita 464.5. Mai 100 da 100 kuwa 929. Eka 4,047 ce, hekta 10,000.

Faɗin wuri tsawo ne sau faɗi. Cikinsa, kamar rami ko kankare, tsawo sau faɗi sau zurfi. Kan bango mai tsini da ke ƙarƙashin rufi rabin gindinsa ne sau tsayinsa. Zagayayyen abu, fila (ginshiƙi) ce ko rijiya ko ramin sokawe, ka ninka faɗin bakinsa sau kansa, sau 0.785, sau zurfi. Fila mai faɗin mita 0.3 da tsayin mita 3 za ta ci kubik 0.21. Tankin ruwa kuma kowane kubik mita lita 1,000 ne.

Siminti, da abin da ake auna shi

Buhun siminti kilo 50 ne, na Ashaka da ake yi a ƙaramar hukumar Funakaye ne ko na Dangote ko na BUA. Buhu 20 tan ɗaya. Kubik mita ɗaya na garin siminti yana kai kilo 1,440, don haka buhu ɗaya kubik 0.035 ne, lita 35 ke nan, kuma buhu kusan 29 ke cika kubik.

Kwanon sarki idan an shafe bakinsa yana ɗaukar kusan rabin buhu, baro kuma kusan buhu biyu, wato lita 65 zuwa 70. A nan ne gini da yawa ke samun rauni ba tare da kowa ya yi niyyar cuta ba. Haɗin 1:2:4 yana nufin awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, da ma'auni iri ɗaya. Ga buhu ɗaya, yashi kwano 4 ne da tsakuwa kwano 8, ko baro ɗaya da baro biyu. Leburan da aka ce wa "ɗaya, biyu, huɗu" sai ya zuba buhu ɗaya, baro biyu, baro huɗu, ya yi 1:4:8 ne, rabin simintin da fila ko dekin (rufin kankare) ke bukata. A takarda za ka ga siminti ya yi rara, mai gida ya ji daɗi, alhali daga jikin filar aka cire shi. Hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa: a juye buhu ɗaya a kwanukan da ake aiki da su a ga nawa ya cika, a juye jarkar ruwa mai lita 25 a baro a ga sau nawa take shiga. Kwanon da ya lotse ko baron da aka yi wa waldi ya rage zurfi, a ajiye shi don kwasar ƙasa.

Kankare

Idan aka kwaɓa, yashi yana shiga tsakanin tsakuwa, siminti ya shiga tsakanin yashi, sai tulin ya ragu. Shi ya sa kubik ɗaya na kankare yake cin busassun kaya kubik 1.54. Ka haɗa alƙaluman haɗin, ka raba 1.54 da jimlarsu, abin da ya fito shi ne kason siminti. A 1:2:4 jimla 7 ce, 1.54 raba 7 ya ba da 0.22, wato buhu 6.3, yashi kubik 0.44, tsakuwa 0.88. A 1:3:6, wanda ake zubawa a gindin fandisho, buhu 4.4 ne, yashi 0.46, tsakuwa 0.92. A 1:1.5:3 buhu 8 ne da ɗan ɗoriya, yashi 0.42, tsakuwa 0.84. A 1:4:8 buhu 3.4, kuma wannan na shimfiɗar ƙarƙashi ne kawai, ba ya ɗaukar nauyi.

Dekin mai sukwaya mita 100 da kaurin inci 6 kubik 15 ne. A 1:2:4 zai ci buhu 95, yashi kubik 6.6, tsakuwa 13.2, ban da bim (kankare mai rodi da ke kwance a kan filoli) da matakala waɗanda ake lissafa su daban. Kankare mai rodi kilo 2,400 ne a kubik, don haka wannan dekin tan 36 ne zaune a kan filoli, kafin a ɗora masa bulo ko ɗaya. Girman fila da yawan rodinta aikin injiniya ne, mai ƙiyasi yana ƙirga abin da aka zana ne.

Ruwa ma a sa shi a lissafi. Buhu ɗaya yana son kusan lita 25, jarka ɗaya, a rage idan yashin jiƙaƙƙe ne. Ƙarin ruwa yana sauƙaƙa wa masu shebur aiki, amma idan ya ƙafe yana barin ƙananan ƙofofi a cikin kankaren, ƙarfinsa ya faɗi. Bayan zubi kuma sai an yi ta ban ruwa aƙalla kwana 7, ƙarfin da ake lissafi da shi sai a kwana 28 yake cika. A zafin Maris da Afrilu, ko lokacin iskar hunturu, saman kankare yana bushewa ya tsattsage cikin sa'o'i, don haka a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna ko yashi. Inda sai an sayi ruwa a wurin 'yan garuwa ko tanka, kuɗin ban ruwa yana iya wuce na kwaɓi.

Yashi, tsakuwa da tifa

Kafin ka yi cinikin tifa, ka auna cikin bodinta. Mai tsawon mita 4.2, faɗi 2.2, zurfi 1 tana ɗaukar kubik 9.24 idan ta cika daidai baki, kuma tozon da aka tara a tsakiya ba ya rama kusurwoyin da aka bari wayam. Fasasshen dutse da tan ake sayar da shi, kubik ɗaya kusan tan 1.5, don haka tan 20 kubik 13 ne, daidai abin da dekin ɗin can ke bukata ba rara. Busasshen yashi kusan tan 1.6 ne a kubik.

Yashi mai danshi yana kumbura da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Da damina, kwano 4 na irin wannan yashi bai fi kwano 3 da wani abu na busasshe ba, kuma tifar da aka kawo za ta ragu idan ta sha rana. Sai kuma laka. Ka zuba yashi rabin kwalba, ka cika ruwa, ka girgiza, ka ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta ƙasa, lakar ta zauna a kansa da launinta daban. Idan yashin ya kai santimita 10, lakar kuma ta haura rabin santimita ta doshi ɗaya, kada a kai shi dekin ko fila sai an wanke, domin laka tana lulluɓe ƙwayar yashi ta hana siminti kamawa. Yashi mai kaushi na kankare ne da buga bulo, rairayi mai laushi na filasta, kuma layi biyu ne daban a ƙiyasi.

Mu bi ɗaki ɗaya daga rami zuwa linta

Ɗauki ɗaki mai mita 3.6 da 3.6 a ciki, bulo inci 9, ƙofa ɗaya, taga biyu. Tsawon bango ana auna shi ta tsakiyar kaurinsa. Wanda ya auna ta waje ya ƙirga kusurwa sau biyu, wanda ya auna ta ciki ya bar ta. Kowane gefe 3.6 da 0.225 ne, wato 3.825, sau 4 ya ba da mita 15.3. Da wannan lamba ɗaya za ka fitar da rami, kankaren gindi, bulo da linta, wato kankaren da ke bi ta saman ƙofa da taga.

Faɗin ramin fandisho a ƙasa mai kyau ninki uku ne na kaurin bango, mita 0.675. Da zurfin 0.9, haƙa kubik 9.3 ne. Kankaren gindi mai kaurin 0.225 kubik 2.32, sau 4.4, buhu 10 da ɗan kai, a rubuta 11. Wannan zurfi misali ne kawai, ƙasar wurin ce ke yanke hukunci. A cikin garin Bauchi da kewaye mai haƙa yana iya cin karo da dutse, sai kuɗin haƙa ya tashi daga na ƙasa ya koma na fasa dutse. A ɓangarorin Gombe irin su Deba akwai baƙar ƙasa mai laka, wadda take kumbura da damina ta dare da rani, tana ɗaga gini tana sauke shi har bango ya tsage. A irin wannan wuri, ko kusa da kwazazzaban da zaizaya ta ci a garin Gombe, kada ka rubuta alƙaluman fandisho sai injiniya ya ga ƙasar, domin nau'in fandishon gaba ɗaya yana iya canzawa.

Fuskar bulo mita 0.45 ce da 0.225, inci 9 ne ko inci 6, kauri kawai ya bambanta. Da simintin tsakani, kusan bulo 9 ke rufe sukwaya mita. Ana rubuta 10 ne don a haɗa da wanda zai fashe a sauke da wanda za a sare a kusurwa, don haka kada ka sake ɗora wani kaso na asara a kai. Layi 4 na bulon fandisho kusan mita ɗaya ne, bulo 153. Abin da ake mantawa shi ne cike ramukan waɗannan bulo da kankare mai sauƙi, kusan kubik 0.1 a kowace sukwaya mita, a nan kubik 1.5.

Ciko: 3.6 sau 3.6 sau zurfin 0.3 kubik 3.9 ne, amma jar ƙasa tana sauka idan aka jiƙa aka daddale, sai ka ƙara kashi 30 cikin ɗari, ka sayi kubik 5. A zuba ta hawa-hawa, kada kowane hawa ya wuce inci 6, in ba haka ba sama ce kawai za ta dallu, daga baya ƙasa ta zauna daɓe ya fashe. Jaman fulo, wato daɓen kankare, yana hawa har kan bulo, 4.05 sau 4.05, sukwaya mita 16.4. A kaurin inci 4 kubik 1.64 ne, a inci 6 kuma 2.46. Inci biyun nan sun ƙara rabin kuɗin daɓen, saboda haka a rubuta kaurin a fili, a kafa turaku masu alama ranar zubi.

Bango daga daɓe zuwa mita 3: 15.3 sau 3 ya ba da 45.9. Cire ƙofa mai 0.9 da 2.1, wato 1.89, da tagogi biyu masu 1.2 da 1.2, wato 2.88. Cire linta mai zagaye, 15.3 sau 0.225, wato 3.44. Saura 37.7, bulo 380. Buhu ɗaya a haɗin 1:6 na siminti da yashi yana ɗora bulo inci 9 kusan 50, inci 6 kusan 70, don haka buhu 8. Idan bulon ba su yi kai ɗaya ba, birkila zai riƙa cike giɓi da kwaɓi, buhun ya tsaya a 40. Linta kubik 0.77 ce, buhu 5 a 1:2:4.

Kafin a fara haƙa, a tabbatar da kusurwa: mita 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗayan, tsakaninsu ya zama 5 cif. Ɗakin da ya karkace zai ci tayil da kwanon rufi fiye da lissafi.

Rodi

Nauyin mita ɗaya na rodi a kilo shi ne kaurinsa a milimita sau kansa, raba 162. Mai 8 kilo 0.395 ne, mai 10 kilo 0.617, mai 12 kilo 0.888, mai 16 kilo 1.58, mai 20 kilo 2.47, mai 25 kilo 3.85. Cikakken tsawon sanda mita 12 ne, don haka tan ɗaya yana ba da kusan sanda 211 na mai 8, 135 na mai 10, 94 na mai 12, 53 na mai 16, 34 na mai 20. Wanda ake kira rabin inci shi ne mai 12. Sandar mai 12 ta gaskiya kilo 10.7 ce. Ka ɗora ɗaya a sikeli, ka miƙe ta ka sa tef. Idan tan ya ba ka sanduna da yawa fiye da ƙa'ida, ba garaɓasa ka samu ba, rodin ne siriri ko gajere.

Lintar ɗakinmu da rodi 4 masu 12 mita 61.2 ce. Da haɗin baki da lanƙwasar kusurwa ta kai kusan 67, sanda 6. Inda sanda biyu suka haɗu, su hau juna ninki 40 zuwa 50 na kaurinsu, mita 0.48 zuwa 0.6 ke nan ga mai 12. Ringi, wato zoben ƙarfen da ke kewaye sandunan, na linta ko fila mai 225 da 225, idan an bar milimita 25 na kankare ya rufe ƙarfe ta kowane gefe, 175 ne sau 4, da ƙugiya ya kai mita 0.85. Sanda ɗaya tana ba da 14. A tazarar mita 0.2 ana bukatar ringi 77, sanda 6 na mai 8.

A dekin, yawan rodi faɗin wuri ne raba tazara, a ƙara ɗaya. Amma kada ka tara mitoci ka raba da 12 kai tsaye. A ce kana bukatar guntu 42 masu tsawon mita 4.2. Jimla mita 176 ce, raba 12 ya nuna sanda 15. A zahiri kowace sanda guntu biyu take bayarwa ta bar ragowar 3.6, don haka sanda 21 za a yanka. Da guntun mita 4 ne cif, sanda 14 ta isa. Ka zauna da mai ɗaurin rodi ku tsara yanka, ku ga ko ragowar za ta shiga rodin sama na bakin bim ko wata gajeriyar linta. Wayar ɗauri a ƙiyasta kusan kilo 10 ga kowane tan.

Filasta, tayil, fenti, rufi

A takarda filasta milimita 12 ce, amma bango ba ya miƙewa sarai, ka yi lissafi da 15, ka ninka da 1.3 don busassun kaya. A haɗin 1:4 buhu yana shafe kusan sukwaya mita 9, a 1:6 kusan 12. Ɗakinmu 38.4 ne a ciki, 43.8 a waje, jimla 82, buhu 7 zuwa 9.

Tayil mai santimita 60 da 60 sukwaya mita 0.36 ne, katan mai guda 4 kuma 1.44, amma ka karanta jikin katan domin yawan da ke ciki ya bambanta. Daɓen 12.96 katan 9 ne cif, da yanka da fashewa 10, da na gindin bango 11. A saye su lokaci ɗaya, launin wani zubi ba lalle ya dace da na farko ba. Fentin ruwa lita ɗaya tana shafe sukwaya mita 8 zuwa 10 a shafa ɗaya, sabuwar filasta kuma tana shanye ta farko, ka ɗauki 8. Shafa biyu a kan 82 lita 20 ce da rabi, bokiti ɗaya da ƙyar.

Rufi ana fara shi da faɗin ginin har da fitar baki. Da fitar mita 0.6 kowane gefe, 5.25 sau 5.25 ya ba da 27.6. Sai a ninka da gwargwadon gangara: 1.035 a digiri 15, 1.064 a 20, 1.103 a 25, 1.155 a 30, 1.414 a 45. A digiri 30 rufin sukwaya mita 31.8 ne. Bandir na kwano falle 20 ne, amma ka lissafa abin da falle ke rufewa bayan ya hau ɗan'uwansa ta gefe da ta kai, domin wannan hawa yana cinye kaso mai yawa na faɗinsa. Doguwar alminiyom da mita ake sayar da ita, a rubuta kaurinta, milimita 0.45 ne ko 0.55. Katako ana kiransa da inci, 2 da 4, 2 da 6, 2 da 2, tsawonsa yawanci ƙafa 12, mita 3.6.

Lokacin sa farashi

Kowane layi ya ɗauki kaya, awo, yawa, farashin ɗaya da jimla, a saman takardar kuma ranar da aka tambayi farashin. A ware layin kuɗin mota da na sauke kaya, layin ruwa, layin katakon zubi da ƙusa da sandunan tokare dekin, da ladan birkila, kafinta, mai ɗaurin rodi da lebura, a bayyana ko jinga ce ko kuɗin yini. A ƙasa a ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na abin da ba a hango ba, a kai shi 10 idan ba a riga an haƙa an ga ƙasar ba.

Mai tara kaya sannu a hankali ya fara da bulo, tsakuwa da rodi, ya ɗaga rodin daga ƙasa ya rufe shi. Siminti kuwa a saye shi gwargwadon aikin da ke gaba, domin yana jan danshi daga iska, ƙarfinsa yana raguwa idan ya haura wata uku a ajiye. A jera shi a kan katako, nesa da bango, kada jeri ya wuce buhu 10, a fara amfani da wanda ya riga zuwa. Buhun da ka buɗe ka tarar da dunƙulen da yatsa ba ya murƙushewa, a fitar da shi daga lissafin fila da dekin.